Shagon gem ba tare da sayen gem ba

Tambaya: Malam, ina da shagon buga takardu a Ɗorayi, da kwamfutoci huɗu na tebur. Daga la'asar ba aikin da suke yi, shi ne nake so in riƙa sa yara gem. Wani yaro ya ce zai zuba min na sata a dubu biyu. In karɓa?

Ɗan'uwa, kada ka karɓa. Araha ba ta ado. Irin waɗannan gem ɗin sukan zo da ƙwayar cutar kwamfuta, kuma cikin kwamfutocin nan ne firojet ɗin ɗalibai da takardun mutane suke kwance.

Akwai gem da masu su suka saki kyauta, a ƙarƙashin lasisi irin GPL, wanda bai hana ka karɓar kuɗin zama a shagonka ba. Ka sauke sau ɗaya daga shafinsu na asali, ka kwafa a filas, ka raba wa sauran.

Ka fara da SuperTuxKart, tseren ƙananan motoci ne. Yara huɗu za su iya raba allo ɗaya, kowa da fad ɗinsa (abin sarrafa gem da ake riƙewa a hannu), ana jefa wa juna kek ana ihu. Lissafin a nan yake: kwamfuta ɗaya, fetur ɗin janareta ɗaya, amma aljihu huɗu. Sai Luanti, wanda sunansa Minetest har zuwa 2024, na gine-gine kamar Minecraft, kuma tsohuwar kwamfuta na ɗaukarsa. Ga samari akwai 0 A.D., yaƙin dauloli irin su Rum da Kush ta ƙasar Sudan, sai dai yana son kwamfuta mai ɗan ƙarfi. Ni kam OpenTTD ne ke cinye min dare, ana shimfiɗa layin dogo ana lissafin riba, amma ba kowane yaro ke da wannan haƙurin ba.

Ka sayi wayar kebul da ƙaramin suwic (na'urar haɗa kwamfutoci) a Beirut Road ka haɗa huɗun, su kara da juna ba data.

Gaskiya ɗaya: yaran Kano ƙwallo suke so, kuma a irin waɗannan babu mai kamo ƙafar FIFA. Don haka kada ka ƙara sayen kwamfuta tukuna. Ka gwada wata guda, kana rubuta cinikin yamma daban da kuɗin mai. Ka sanar da mai unguwa, kuma lokacin Islamiyya a rufe gem, in ba haka ba iyaye ne za su rufe maka.