Tambaya da Amsa: Me ya sa igogina ba sa samun jirgi daga nesa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata na biyu ke nan ina buga Naval Action, wasan yaƙin jiragen ruwa na zamanin da, a kwamfuta. In an matso kusa ina taɓukawa, amma da abokin gaba ya ja da baya, sai harsasaina su riƙa zuba cikin ruwa. Jirgi uku aka nutsar mini a mako ɗaya, alhali na cika na ƙarshen da igwar da ake kira karoned, mai laba 32, mafi girman da zai iya ɗauka. Abokaina sun ce netwok ɗinmu ne, wani kuma ya ce zai sayar mini da manhajar da ke yin saiti da kanta. In saya, ko dai hannuna ne ba shi da kyau?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Hannunka lafiya lau. Kuɗinka kuma ka bar su a aljihu, don irin wannan manhaja ko ta sa a rufe maka asusu, ko a yashe maka shi da ita. Netwok yakan jinkirta harbi, gaskiya ne, amma ba ya rage wa harsashi zango.

Ciwonka yana cikin wasiƙarka: karoned. Kusan kullum sai an kawo mini wannan magana, har na gaji da ita. Yaro ya ga 32 a jikin karoned, ya ga 12 a jikin doguwar igwa, shi ke nan ya yanke hukunci. Wannan lamba nauyin harsashi ce kawai, ba ta ce komai a kan nisa ba. Karoned gajera ce, kuma albarushin da ake ɗura mata kaɗan ne, wajen kashi ɗaya cikin goma sha biyu na nauyin harsashin, alhali doguwar igwa takan ci kusan kashi ɗaya cikin uku. Harsashinta yakan fita a gajiye, ya yi baka a sama, in ma ya isa sai ya ƙwanƙwasa katako ya faɗa ruwa. Kamfanin Carron na Sukotlan da ya ƙera ta a shekarun 1770 don dambe gaba da gaba ya yi ta, a nan kuwa ba ta da tsara.

Masu bidiyo a intanet su suka ɓata ku. Mutum ya manne da jirgin da kwamfuta ke tuƙawa, ya sauke masa wuta, ya rubuta cewa ya gano sirri, ba zai taɓa nuna muku ranar da ɗan adam mai wayo ya ƙi matsowa ba. Abin da ya same ka ya samu jirgin gaske. A watan Maris na 1814, a gaɓar Balfaraiso ta ƙasar Chile, jirgin Amurka Essex yana ɗauke da karoned 40 da dogayen igogi 6 kacal. Kyaftin Hillyar na jirgin Ingila Phoebe ya tsaya inda karoned ba ta kaiwa, ya yi ta dukansa da dogayen igogi masu laba 18 har Essex ya miƙa wuya. Shi kansa kyaftin ɗin Essex, David Porter, tun kafin nan yake ƙorafi a kan makaman da aka ba shi. Kai kuwa da hannunka ka zaɓa, har kana murna.

To, ka sa dogayen igogi. Ɗurinsu ya fi jinkiri, ka yi haƙuri da shi. Sannan ka daina sakin igogin gefe guda gaba ɗaya a kan zato. Harba ɗaya tak, ka bi ta da madubin hangen nesa ka ga inda ruwa ya fantsama. Ta gaza, ɗaga. Ta wuce, sauke. Sai ta ci katako sannan ka saki sauran, kuma nan take, don dukanku tafiya kuke yi. Ka riƙa saiti gaban jirgin, inda zai kai kafin harsashi ya sauka.

Iska ma tana da hannu. Tana kwantar da jirgi gefe ɗaya, igogin ɓangaren da ya nutsa su kalli ruwa, na ɗaya ɓangaren su kalli sama. In kai ne a saman iska, wato iska daga wajenka take kaɗawa zuwa wajen abokin gaba, bakin igoginka ƙasa yake, shi ya sa wani lokaci ko ka ɗaga har ƙarshe ba ta kaiwa. Rage ƙarfin filafilai kafin harbi, jirgin ya miƙe, ka jira igiyar ruwa ta ɗago ka. In kuma jirgin abokin gaba ya karkata maka jiki, kada ka ɓata ɗuri. Harsashi zamewa yake yi. Jira ya ba ka haƙarƙarinsa sosai, ko ka nemi jigon filafilansa da dunƙulallen harsashi. Harsashi mai sarƙa, wanda ake yaga filafilai da shi, ba na nesa ba ne.

In ka nace sai karoned, ba haramun ba ce, amma ka nemi jirgi mai gudu, ka kama saman iska, kada ka harba ko ɗaya sai kana ganin mutanen da ke kan dakalinsa.