Jirgin daban, injin daban, amalanken kuma kyauta ce idan an yi ciniki

Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta. Na karanta tambayarka: ya bar muku jirgin ruwa na faiba (wanda ba na katako ko ƙarfe ba) da injin Yamaha mai doki 40 da amalanken ƙarfen da ake ɗora jirgin a ja da mota, shekara biyu suna ajiye a gida, kana so ka sayar da su gaba ɗaya a raba wa magada. Na yi shekara goma sha wani abu ina kai da kawo tsakanin Yawuri da Malale a tafkin Kainji, na sayi inji na kuma sayar, to ga abin da na gani.

Kai kana kallon kaya ɗaya ne, mai saye kuwa uku yake gani, kuma idonsa na kan injin. Masunci a wajenmu jirgin katako ya sani. Idan ya tsage, kafinta na bakin ruwa, a buga ƙusa a cusa auduga a shafe da kwalta, gobe a koma ruwa. Faiba idan ya fashe sai an nemo mai gyaransa daga nesa. Shi ya sa idan ka ce sai dai a haɗa duka, wanda ya zo don inji zai taya maka jirgin kamar yana yi maka alfarma. Sa wa kowanne kuɗinsa. Faiban ka nema masa masu jigilar fasinja, ko ma'aikatun da ke aiki a ruwa, ko ka tura hotonsa can Lakwaja da kudu inda aka saba da shi.

Yanzu injin. Kada ka kuskura ka ja igiyarsa a tsakar gida don a ji ƙara. Ruwa ne ke sanyaya shi, kuma robar famfon da ke ƙasa tana ƙonewa nan da nan idan ta juya a bushe. Cika duro da ruwa, ka rataya shi a ciki har ruwan ya rufe ƙafarsa, sannan ka tayar. Ka tsaya ka kalli ɗan ramin da yake fitar da ruwa, wanda muke ce wa fitsarin inji. Idan yana tsartuwa da ƙarfi, alhamdu lillahi. Idan ɗiga yake yi, kashe shi. Wani lokaci ma zanzaro ne kawai ya yi gini a ramin, tsinken tsintsiya ya ishe shi, amma bayan zaman shekara biyu ni dai robar zan canza, ba ta kai kuɗin da za a zaftare maka saboda ita ba. Tsohon fetur da ya kwana a kafireta ya zama danƙo, a wanke ta, a sa sabbin fulogi, a haɗa sabon mai da man injinsa. Sai a kwance ƙusar man giya a ga abin da zai fito. Idan ya fito fari-fari kamar kunun gyaɗa, ruwa na shiga, sil, wato robar da ke tare ruwan, ya mutu. Gyara shi, ko ka faɗa da bakinka tun kafin a gano. Mai saye da ya san hannunsa zai ɗora tafinsa a kan injin ya ji ko ka ɗumama shi kafin ya iso, don haka bar shi da sanyinsa, ya ja da kansa.

Wani abu kuma, tun da aka cire tallafin mai a 2023 masunta suka ja baya da inji mai doki 40, yana shan mai. Mai zuwa duba komar kifinsa da asuba, mai doki 15 yake nema. Naka na masu lodi ne, masu ɗaukar buhuna da mutane ranar kasuwa, su za ka nufa. Kuma sun fi buɗe hannu idan ruwa ya cika, kaka ta shigo, kaya sun yi yawa.

Takarda fa. Akwai lamba a jikin wuyan da ake ɗaure injin da shi, ka duba ko ta yi daidai da ta rasit ɗin Baba. Satar inji ta yi yawa a bakin ruwa, mutum mai hankali ba zai sayi wanda aka kankare wa lamba ba. Idan rasit ya ɓata, a yi cinikin a gaban Sarkin Ruwa ko shugabannin ƙungiyar masu jirage, a rubuta lambar a takarda, shaidu su sa hannu. Idan jirgin na da rajistar NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, haɗa da ita. Tunda kayan gado ne, sauran magada su san farashin kafin ka ce ka sallama, har matan.

Bashi ne ba na so ka yarda da shi. Na taɓa ba wani inji ya biya rabi, sauran wai idan warangi, ƙananan kifin nan na tafki, ya kama. Warangi ya kama, ya wuce, ya sake dawowa. Da na matsa sai ya dawo mini da injin a cikin buhu, farfela ta karye, ya ce dama can da ciwonsa na ba shi. Ban rubuta komai ba, surukin abokina ne, kunya ta hana ni. Kuɗin da ya ba ni a gyara suka ƙare. Idan dillali ya shiga, a yanke la'adarsa tun farko, kuma ka ji farashin daga bakin mai saye da kunnenka.

Amalanken kada ka ɗora masa rai. Mu nan jirgi a ruwa yake kwana, ba wanda ke jan sa zuwa gida. Duba tayoyi da boris, idan suna da rai ka riƙe shi a hannu, lokacin da ciniki ya cije a kan faiban sai ka ce wa mai saye ka ƙara masa da shi, dama yana buƙatar abin da zai kai jirgin. Idan bai so ba, masu walda za su saye shi su mai da shi na ɗaukar janareta ko tankin ruwa.

Turo mana hoton lambar injin da na katakon baya inda ake ɗaure shi. Ka danna wurin da babban yatsa tukuna, ka gaya mini ko yana lotsawa.