Amsa ga 'yar'uwar da aka gayyata zaman jera dangi a Jamus

Assalamu alaikum. Ƙanwata, na karanta tambayarki inda kika ce auren kakarki ya mutu, na mahaifiyarki ya mutu, naki ma yanzu yana tangal-tangal, kuma wata abokiyar aikinki Bajamushiya ta ba ki shawarar ki je zaman ƙarshen mako da suke kira Familienaufstellung, wato jera dangi, ko a gano inda ƙullin yake. Kin tambaya ko akwai wadda ta taɓa zuwa, ko yana da amfani, da kuma ko ba wani nau'in bori ba ne. Na daɗe ina aikin jinya a ƙasar nan, na tsaya wakiliya a zaman wasu, daga baya kuma aka yi nawa, don haka zan faɗa miki abin da idona ya gani da kuma inda na ja layi.

Ana taruwa ne a ɗaki guda, a zauna a kujeru da'ira, yawanci mutanen da ba su san juna ba. Mai jagora zai tambayi mai matsala abin da ya kawo ta, sannan ya nemi manyan abubuwan da suka faru a dangi: wa ya mutu da ƙuruciya, wa aka kora, wace mace aka saka aka daina ambaton sunanta, ina aka yi ɓari. Daga nan sai ta zaɓi wakilai daga cikin mazauna, wannan ya tsaya a madadin uba, waccan a madadin uwa, wata kuma a madadin ita kanta. Za ta dafa kafaɗun kowa ta baya, ta tura shi a hankali zuwa inda zuciyarta ta ba ta, ta juya fuskarsa inda take so, sannan ta koma ta zauna tana kallo. Mai jagora zai bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambayar abin da suke ji a inda suke tsaye, ya sauya musu wuri, ya ba su gajerun kalmomi su maimaita, irin su "ke ce babba, ni ce ƙarama." Wanda ke wakiltar mamaci wani lokaci akan kwantar da shi a ƙasa.

Wanda ya yaɗa wannan hanya shi ne Bert Hellinger, Bajamushe da aka haifa a 1925 ya mutu a 2019. Limamin ɗarikar Katolika ne da ya yi shekara 16 yana aikin mishan a cikin Zulu a Afirka ta Kudu, daga baya ya ajiye limancin ya shiga nazarin halayyar ɗan Adam. Ba shi ya ƙirƙiro komai daga tushe ba, domin kafin shi Jacob Moreno ya yi amfani da wasan kwaikwayo wajen jinya, Virginia Satir a Amurka kuma ta riga ta fara tsai da 'yan gida a ɗaki don a ga yadda suke da juna. Abin da Hellinger ya ƙara shi ne ƙa'idojinsa: kowa a dangi yana da haƙƙin a lissafa da shi, wanda ya riga zuwa yana gaba da na baya, kuma dole bayarwa da karɓa su daidaita. A ganinsa, idan aka shafe wani daga lissafi, to wani jika zai maimaita ƙaddararsa ba tare da ya sani ba.

A nawa zaman, damuwata ita ce mahaifiyata, wadda ba ta rage mu da ci ko sutura ba, amma ban tuna ranar da ta jawo ni jikinta ba, kuma na fara ganin haka tsakanina da 'yata. Da aka ce in jera, sai na tarar na kai wakiliyar mahaifiyata can bakin taga na sa ta ba da baya, na ajiye tawa wakiliyar a bayanta tana kallon ƙeyarta. Da na koma kujera na ɗaga ido, hawaye ya ƙi tsayawa, domin abin da na yi shekaru ban iya faɗa da baki ba ga shi tsaye a tsakiyar ɗaki. Wannan sashen gaskiya ne, kuma ya amfane ni. Amma ki lura da cewa hannuna ne ya jera su, kuma daga cikina sanin ya fito.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sa nake rubuta miki da tsawo haka. Wadda ta tsaya a madadin kakata ta ce tana jin idonta na neman wani namiji da ba ya cikin jerin, nan take mai jagora ya ce da alama akwai sirri game da ainihin mahaifin mahaifiyata. Matar nan ba ta san garinmu ba, ba ta san sunan kakata ba, amma a cikin numfashi ɗaya an ɗora wa baiwar Allah da ke kabari zargin da a addininmu sai da shaidu huɗu ake furta shi. Na ce ban yarda ba, sai aka ce mini ƙin yardar ma alama ce ta cewa an taɓa gaskiya. Duk hanyar da ta mai da musunki ya zama hujja a kanki, ki yi hattara da ita. Masu wannan aiki suna cewa akwai wani fili na sani da wakilai ke shiga su ji abin da mutanen ainihi suka ji, kuma babu wani bincike da ya tabbatar da haka. Ni ma da na tsaya wakiliya na ji ƙafafuna sun yi nauyi, ƙirjina ya cushe, amma duk wanda aka tsayar a lungu aka juya masa baya a gaban jama'a zai ji an ware shi.

Game da bori: ba kiɗa, ba a kiran iskoki, kuma ban ga wanda hankalinsa ya gushe ba. Inda suka yi kusa shi ne da'awar sanin abin da ke ɓoye da yin magana da yawun matattu, kuma a nan ne Musulma ya kamata ta tsaya. Alƙur'ani ya faɗa a Suratul An'am, aya ta 164, cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani. Akwai kuma sunkuyawa da ake sa mutum ya yi wa wakilan iyayensa, wasu har goshi a ƙasa, wadda ni na faɗa tun farko cewa ba zan yi ba.

Ta fuskar bincike, a 2013 masana a birnin Heidelberg na Jamus sun wallafa gwaji a kan mutum 208, suka ga waɗanda suka halarci zaman sun ɗan sami sauƙin damuwa har bayan wata huɗu idan aka kwatanta da waɗanda ke jiran layi ba su kai ga halarta ba. Sai dai ƙwararrun masu jinyar ƙwaƙwalwa ne suka jagoranci waɗannan zaman, kuma samun sauƙi bai nuna cewa abin da wakilai suka faɗa gaskiya ne ba. A nan Jamus ɗin ma manyan ƙungiyoyin masu jinyar iyali sun fito a 2003 da 2004 sun nesanta kansu daga salon Hellinger, saboda yadda yake yanke hukunci a kan rayuwar mutum a gaban ɗaruruwan 'yan kallo ba tare da bibiya ba. A 1997 wata mata ta kashe kanta bayan zama da shi a Leipzig. An kuma soke shi sosai a kan yadda yake ɗora wa uwa alhaki idan uba ya ci zarafin 'yarsa. A Brazil, inda har kotunan iyali suka rungumi hanyar, majalisar masana halayyar ɗan Adam ta ƙasar ta yi gargaɗi a kanta a 2023, musamman ga matan da ake duka a gidan aure.

Saboda haka, idan a aurenki akwai duka ko tsoratarwa, ko kina cikin baƙin cikin da ya hana ki barci da cin abinci, kada ki je. Ki fara da likitanki, kuma lambar waya 116 016 ta taimakon matan da ake cin zarafinsu kyauta ce dare da rana. Ki sani kuma cewa kowa na iya kiran kansa mai jera dangi bayan ɗan kwas, kuma inshorar lafiya ta gwamnati ba ta biyan kuɗin zaman, alhali tun watan Yuli na 2020 tana biya wa manya jinyar iyali ta ainihi a wurin masu lasisi. Idan duk da haka kina son gwadawa, ki nemi mai lasisin jinyar ƙwaƙwalwa, ƙaramin taro, ganawa kafin zaman da bayansa, da yarjejeniyar cewa za ki iya tsayar da shi duk lokacin da kika so. Kada ki yanke shawarar rabuwa ko komawa a makon da kika fito.

Labarin mahaifiyata na ainihi daga bakin goggonta na same shi da na je gida, kuma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. An kai ta yaye wurin kakarta ta wajen uba, kafin a dawo da ita aka saki uwarta, sai ta tashi a hannun kishiyar uwa, ba ta sake kwana ɗaki ɗaya da wadda ta haife ta ba sai da ta yi aure. Babu wani ɓoyayyen namiji a ciki. Yarinyar da ba a rungume ta ba ta girma ba ta san yadda ake yi ba, ga kuma alkunyar ɗan fari da ta hau kai, ni kuwa ni ce ta fari. Aure uku da kika lissafa ma kowanne yana da nasa dalilin, ko auren dole, ko talauci, ko halin miji, ko yadda kowace ta koyi yin faɗa da yaji daga gidan da ta tashi. Ki kira innarki ko wata tsohuwa da ta ga auren kakarki da idonta tun tana da rai, ki tambaye ta shekarun kakarki lokacin da aka aurar da ita, wa ya zaɓa mata mijin, da hannun wa 'ya'yanta suka koma bayan sakin, ki rubuta amsoshin ki tafi da su wurin duk wanda za ki gani.