Gidan Bakin Teku a Dakar ko Gidan Tsibirin Gore?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni haifaffen unguwar Birni ne a nan Damagaram, kuma wata 7 ke nan da aiki ya kai ni Dakar, babban birnin Senegal, inda ofishinmu yake a unguwar Filato, kusa da tashar jiragen ruwa. Yanzu na zo hutu gida, ina shirin komawa da iyalina, wato maiɗakina da ke da juna biyu, da ƴaƴanmu 3, da mahaifiyata mai fama da hawan jini. An nuna mini gidaje biyu da kuɗin hayarsu bai yi nisa da juna ba. Na farko ɗakuna ne a hawa na 3 na wani bene a unguwar Madina, yana kallon teku, amma ƙarar motoci ba ta yankewa dare da rana. Na biyu tsohon gida ne mai tsakar gida da inuwar bishiya a tsibirin Gore, inda babu mota ko ɗaya. Raina ya fi kwantawa da na tsibirin, domin lungunansa sun tuna mini da na Birni. Mece ce shawararku?

Daga wani mai karatu, Birni, Damagaram

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a wannan aiki, ya sauki maiɗakinka lafiya, ya kuma ƙara wa Inna sauƙi. Na zauna a Dakar na wasu shekaru, na sha hawa jirgin Gore, saboda haka na fahimci abin da ya ja hankalinka. Duk wanda ya tashi a Birni, ya saba da katangun ƙasa da siraran lungunan da ke kewaye da fadar Sarki, idan ya sauka Gore ya ga gidaje masu launin ja da rawaya, yashi a ƙasa, yara na wasa a hanya ba wanda yake tsoron mota ta kaɗe su, dole ya ji kamar ya dawo gida. Amma shawarata ita ce ka zaunar da iyalinka a cikin gari, kuma zan faɗa maka dalili.

Gore ƙaramin tsibiri ne da tsawonsa bai kai kilomita 1 ba, mazaunansa ba su kai 2,000 ba, kuma yana da nisan kusan kilomita 3 daga tashar Dakar, tafiyar minti 20 a jirgin ruwa. A gare ka wannan ba wahala ba ce, tunda ofishinka yana kusa da tashar. Hasali ma za ka riga abokan aikinka da ke fitowa daga unguwannin bayan gari irin su Pikin ko Gejawaye isa wurin aiki. To amma kai kullum za ka fita da safe ka dawo da yamma, waɗanda za su wuni a tsibirin su ne matarka da mahaifiyarka, kuma su ne za su ɗauki nauyin wannan shirun da kake sha'awa. Rayuwar mutumin tsibiri gaba ɗaya a ɗaure take da lokacin tashin jirgi, kuma akwai sa'o'in tsakar dare da jirgin ba ya tashi. Naƙuda kuwa ba ta duba agogo, haka ma hawan jini. Akwai ɗakin shan magani a tsibirin, amma manyan asibitoci irin su Fann da Babban Asibitin Filato duk suna ƙetare. Ka yi tunanin daren da iska ta taso, ruwa yana tsuga, kana neman wanda zai ƙetarar da mace mai naƙuda. Wannan kaɗai ya isa ya yanke magana a wannan shekarar.

Sannan shirun Gore ma yana da lokacinsa. Tun 1978 hukumar UNESCO ta saka tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya saboda tarihin cinikin bayi, kuma Gidan Bayi da ke can yana jawo baƙi daga Amurka da Turai da ɗaliban makarantu kusan kowace rana. Daga hantsi zuwa la'asar lungunan cike suke da masu yawon buɗe ido da na'urar ɗaukar hoto a hannu, wasu har leƙen tsakar gidan mutane suke yi. Matar da ta saba da sirrin gidan Damagaram, inda baƙo ba ya wuce zaure sai an yi masa iso, ba za ta ji daɗin wannan ba. Shirun gaske sai bayan jiragen yamma sun kwashe baƙin. Haka nan, da yake gidajen na tarihi ne, ba kowane gyara ake barin mutum ya yi yadda ya ga dama ba, alhali tsofaffin bangayen suna shan danshi. Kusan duk abin da za a dafa, daga buhun shinkafa zuwa tukunyar gas, sai ya hau jirgi kafin ya iso, kuma kuɗin dakonsa a kan mai saye yake ƙarewa. Mazauna tsibirin suna biyan kuɗin jirgi ƙasa da na baƙi, amma idan ka haɗa na mutum 6 a wata, za ka ga cewa hayar da ka ce ba ta yi nisa da juna ba ta fara nisa.

Madina kuwa tsohuwar unguwa ce da aka kafa a 1914, cike take da jama'a, kuma ba na ɓoye maka cewa hayaniyarta gaskiya ce. Sai dai a cikin wannan hayaniyar abin da baƙuwa take buƙata yake. Kasuwar Tilen tana nan cikin unguwar, Babban Masallacin Dakar ba shi da nisa, masunta suna sauke kifi kowace yamma a bakin ruwan Sumbejun, makarantu da kantunan magani kuma da ƙafa ake zuwa. Abin da ya fi duka a wurina shi ne mutane: a cikin gari ne za a tarar da ƴan Nijar masu sana'ar tsire da kilishi, waɗanda mutanen Dakar suka sani sosai har suna kiran gasasshen namansu da sunan Hausa. Ta hanyarsu matarka za ta samu matan da za ta gaisa da su da harshenta, waɗanda za su zo mata barka da suna, kafin kunnenta ya kama harshen Wolof na mutanen garin. Tsohuwa irin Inna, wadda ta saba maƙwabta su shigo mata ina kwana kowace safiya, kaɗaici yana iya kayar da ita kafin ciwo.

Duk da haka ban ce ka karɓi wancan benen ba. Hawa na 3 ga mai ciki da mai hawan jini azaba ce, musamman ranar da ruwan famfo ya ƙi hawa sama aka koma ɗaukar jarka. Mu ƴan Damagaram mun san darajar ruwa fiye da kowa, amma mai garuwa ba ya hawa matakala. Kallon teku ma da ake ƙara wa haya kuɗi saboda shi yana da nasa haraji. Iskar teku gishiri take ɗauke da shi. Na taɓa zama a ɗaki mai fuskantar ruwa, kafin shekara ta zagayo makullin ƙofa ya ci tsatsa har sai da aka fasa shi, keken ɗinkin maiɗakina ya daskare, takalman fata da muka kawo daga gida kuma suka yi furfura a cikin akwati. Mu da muka saba da busasshiyar iskar hunturu ba ma kawo irin wannan a rai. Ka nemi gida a hawan ƙasa ko na farko, layi 3 ko 4 daga bakin ruwa, inda iskar za ta iso ka amma gishirin ya ragu, ƙarar babban titin bakin teku ma ta lafa.

Akwai batun yara da nake so ka riƙe da hannu biyu, ko ina ka zauna. Yaron Damagaram bai san ruwan da ya wuce tafkin damina ba, Tekun Atlantika kuwa yana da igiya mai jan mutum ciki ko da ruwan bai wuce masa ƙugu ba. Kowace shekara lokacin zafi ana rasa matasa a gaɓar Dakar, har hukuma ta hana wanka a wurare da dama. Ka sa a koya musu iyo da wuri, kuma kada su je bakin ruwa ba tare da babba ba.

Kafin ka sa hannu a takardar haya, ka je gidan sau biyu, da rana da kuma bayan isha'i, ka buɗe famfo da kanka, ka dubi ƙasan bango ko akwai tabon ruwa. Daminar Dakar daga Yuli zuwa Oktoba take, ta fi ƙarfi a Agusta da Satumba, don haka ka tambayi mai shagon da ke kan layin ko ruwa yana kwanciya a wurin, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, dillali kuwa haya yake son ya kama. Gore kuma tana nan ba inda za ta: ka kai su Inna ranar Asabar su sha iska, su yi azahar a tsohon masallacin da ke gindin tudun tsibirin, ku dawo da jirgin yamma. Idan an yaye jaririn, matarka ta san gari, ta kuma ce da bakinta tana son zaman can, sai ku sake zama ku yi shawara.