Tambaya da amsa: Na yi darasi da majigi yara sun ji daɗi, amma a gwaji sun zube

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai karantar aikin koyarwa, yanzu haka ina tichin firaktis, an ba ni lissafi a aji ɗaya na ƙaramar sakandare, yara 48 ne a ajin. Makarantar tana da majigi guda ɗaya da tablet 10. Kwana biyu na yi ina haɗa silaid a kan yadda ake tara ɓangarorin lamba, na sauko da bidiyo mai kyau, ranar darasi yara suka yi tsit har da tafi a ƙarshe. Bayan kwana uku na yi musu ɗan gwaji sai na ga fiye da rabinsu sun rubuta 1/2 + 1/3 = 2/5. Wallahi jikina ya yi sanyi. Ga shi sufabaiza zai zo sati mai zuwa kuma a fom ɗinsu akwai maki na amfani da kayan fasaha. In ajiye majigin ne in koma allo da alli ko yaya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Da farko dai ki kwantar da hankalinki, don gwajin nan da kika yi shi ne abu mafi kyau a duk labarin da kika ba ni, da yawa masu tichin firaktis da na duba ba sa yin sa, tafin nan da yara suka yi ya ishe su su tafi gida da murna. Ke kin koma kin leƙa ki ga me ya zauna a kan yaran, shi ya sa kika gano.

Bari mu tsaya a kan 2/5 ɗin nan tukuna, don ba amsar ganganci ba ce. Yaron da ya rubuta ta ya yi tunani fa, ya tara na sama da na sama ya samu 2, ya tara na ƙasa da na ƙasa ya samu 5, wato dokar da ya saba da ita tun firamare ya ɗauko ya ɗora a inda ba ta aiki. Da wannan tunanin ya shigo ajinki, ya kalli bidiyonki daga farko har ƙarshe, launuka suna motsi murya tana bayani komai yana tafiya sumul, kuma babu inda aka tsayar da shi aka ce to kai faɗi taka amsar mu gani. Sai ya fita da tunaninsa kamar yadda ya shigo da shi. Abin da bidiyo mai kyau yake yi wa mutum kenan, yana sa ka ji kamar ka iya, kamar wanda ya zauna a gefen direba ya ga yadda ake canza giya, sai ranar da aka ba shi sitiyari. Tsit ɗin da suka yi na kallo ne.

Kuma ba ke kaɗai ba ce, manyan ƙasashe da kuɗinsu sun faɗa wannan ramin. Tun 1913 Thomas Edison, shahararren mai ƙirƙira ɗan Amurka, yake cewa nan ba da jimawa ba littafi zai zama tsohon yayi a makaranta saboda fim ya zo, aka zo kan rediyo aka yi irin wannan zumuɗin, aka zo kan talabijin haka. A 2005 Nicholas Negroponte na jami'ar MIT a Amurka ya fito da shirin ba kowane yaro laftof ɗinsa, ƙasar Peru ta saya da yawan gaske ta raba, sai Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya bi makarantun firamare 319 na karkara ya duba, ya fitar da sakamako a 2012: bayan wata 15 yara sun iya sarrafa kwamfuta kam, har an ga ɗan ci gaba a wasu gwaje-gwajen kaifin tunani, amma a lissafi da karatun harshe ba a ga wani ƙari ba. A 2015 ƙungiyar OECD ta haɗin gwiwar ƙasashe kan tattalin arziki ta fitar da rahoton da ya ce ƙasashen da suka zuba kuɗi sosai a kwamfutocin makaranta ba su ga wani ci gaban a zo a gani ba a karatu da lissafi da kimiyya, kuma yaran da suke amfani da ita jefi-jefi sun ɗan fi waɗanda ba kasafai suke taɓawa ba, amma masu wuni a kanta su ne suka fi komawa baya.

To kar ki ce Malam ya ce a zubar da na'ura. A birnin Delhi na Indiya an gwada wata manhaja Mindspark da yaran sakandare na kusan wata huɗu da rabi, aka wallafa sakamakon a 2019, kuma yaran sun ci gaba sosai a lissafi da harshen Hindi. Me ya bambanta ta da laftof ɗin Peru? Ita tambaya take yi wa yaro, ya amsa, ta duba irin kuskuren da ya yi, in ta ga yana aji shida amma ƙarfinsa na aji uku ne sai ta sauko masa daidai inda yake. Wato aikin da malami ɗaya ba zai iya yi wa yara 48 a lokaci guda ba shi ta yi. Ni a nan nake auna kowace na'ura kafin in shiga da ita aji, in tambayi kaina me za ta sa yaro ya yi da kansa, kuma me za ta nuna min wanda da ba zan gani ba. In amsar ita ce zai kalla kawai to alli ma ya isa.

Yanzu ga yadda zan sake wannan darasin da ni ne, minti 40, da majigin naki da komai.

Ba zan kunna komai ba da farko. Zan rubuta 1/2 + 1/3 a allo da amsoshi huɗu, A 2/5, B 5/6, C 2/6, D 1/6, kowane yaro na riga na sa ya yanka takarda huɗu ya rubuta A B C D da manyan baƙi, in ce kowa ya yi shiru ya zaɓa, in na ƙirga uku a ɗaga tare. Tare fa, don in ba haka ba na baya jira suke su ga me gwanar aji ta ɗaga. Cikin daƙiƙa goma kin ga kan yara 48. Akwai manhaja Plickers da take yin wannan da katin da ake bugawa, malami ya haska da kyamarar wayarsa ta tattara masa wa ya zaɓi me, tana da amfani don tana ajiye miki sunaye, amma takardar hannu ma tana yi kuma ba ta neman caji.

Daga nan ba zan faɗi wacce ce daidai ba. Sai in kunna majigi in nuna hoto ɗaya tak, sanduna biyu masu tsawo ɗaya, ta sama an shafa wa rabinta launi, ta ƙasa an raba ta biyar an shafa biyu. In ce wacce ta fi? Za su ga da idonsu 2/5 bai ma kai rabi ba. Sai in ce to ya aka yi muna da rabi muka ƙara masa wani abu kuma muka samu abin da bai kai rabi ba? Ki yi shiru a nan Malama, ki daure. Wata mai bincike Mary Budd Rowe ta auna a shekarun 1970 ta ga malamai kusan daƙiƙa ɗaya suke jira bayan sun yi tambaya, in aka kai uku ko fiye sai amsoshi su yi tsawo kuma yaran da ba sa magana su fara sa baki. Shirun nan yana da nauyi ga sabon malami, ji za ki yi kamar an yi shekara, musamman in sufabaiza na zaune a baya yana rubutu, amma a cikinsa ne yaro yake sakin tsohuwar dokarsa. Wannan hoton shi ne wurin da majigi ya ci kuɗinsa, don da hannu da wuya ki zana sanduna biyu daidai wa daida kuma na kujerar ƙarshe ya gani.

Tablet 10 kuma, yara biyar-biyar kenan kusan. Akwai PhET, shafin wasannin koyon lissafi da kimiyya na jami'ar Colorado Boulder wanda Carl Wieman mai lambar Nobel ya kafa a 2002, kyauta ne, suna da na ɓangarorin lamba kuma ana iya saukewa a yi aiki da shi ba intanet, akwai manhajar lissafi ta GeoGebra ma. Amma in kika miƙa wa yara biyar tablet ɗaya haka kawai, mai ƙarfin hali ɗaya ne zai riƙe sauran huɗu su zama 'yan kallo, kin koma gidan jiya. Ki ba su takarda mai tambaya uku, doka ita ce kowa ya rubuta hasashensa kafin a taɓa gilashin, kowace tambaya kuma tablet ya koma hannun wani. Minti goma ya isa, in lokaci ya cika a kife su a kan tebur fuska ƙasa, in ba haka ba duk bayanin da za ki yi bayan nan da bango kike yi. Sai ki zo allo ki yi misali ɗaya a hankali da alli, raba sandunan gida shida-shida, rabi ya zama 3/6, sulusi ya zama 2/6, ga 5/6 ta fito, su yi biyu a littafinsu kina zagayawa, minti biyar na ƙarshe ki sake ɗaga katin A B C D da sabuwar tambaya, misali 1/2 + 1/4.

Maganar silaid a taƙaice, ki rage. Wani mai bincike Richard Mayer ya daɗe yana gwaji a kan wannan, abin da ya fito shi ne hoto da bayanin baki suna taimakon juna, amma in kika cika silaid da rubutu kuma kina karanta shi da baki sai biyun su dinga karo a kan yaro, haka kiɗa da hotunan ado da harafi mai tsalle. Silaid huɗu sun ishi darasi. Bidiyo in ya zama dole ki yanka shi, minti biyu ki tsayar ki ce me kuke ganin zai faru.

Wani abu kuma da ba laifin majigi ba ne, kwana uku ne tsakanin darasinki da gwajin. Tun 1885 wani mai bincike ɗan Jamus Hermann Ebbinghaus ya nuna mantuwa ta fi gudu a farko-farkon lokaci bayan an koyi abu, kuma wasu masu bincike Roediger da Karpicke a 2006 sun nuna wanda aka sa ya tuno abu da kansa ya fi riƙe shi bayan sati ɗaya a kan wanda ya yi ta maimaita karantawa. Don haka kowace safiya ki buɗe da tambaya uku, ɗaya ta jiya ɗaya ta satin da ya wuce ɗaya ta watan da ya wuce, littafi a rufe. Ko da darasinki ya yi kyau ɗari bisa ɗari in ba ki dawo kansa ba zai zube.

Sai batun sufabaiza. Ba zan ce miki kowa haka yake ba, akwai wanda da ya ga hasken majigi ya ba da makin ya wuce, amma wanda ya san aikin abin da yake dubawa shi ne dalilin da ya sa kika ɗauko na'urar. Ki rubuta shi ɓaro-ɓaro a lesin fulan ɗinki, a gaban matakin ki ce majigi minti 4 don nuna cewa 2/5 bai kai 1/2 ba, tablet minti 10 don gwada hasashe. Ki ma ajiye takardun gwajin nan da suka zube ki nuna masa ki ce daga nan na gina darasin yau, ni dai da aka taɓa yi min haka ban san lokacin da na cika makin ba.

Kuma don Allah ki shirya wa ranar da na'ura za ta ƙi. Na taɓa zuwa duba wani ɗalibi a wata makaranta, yaro mai ƙoƙari, igiyar majigi ta ƙi shiga laftof ɗinsa don bakinsu ba iri ɗaya ba ne, ya tsuguna yana ta fama gumi na zuba a kan kibod, yara biyu sun taso suna ba shi shawara, na baya sun fara jifan juna da takarda, na duba agogo minti 14 sun tafi. Da ya haƙura ya miƙe sai ya tsaya yana kallon allo don duk darasin yana cikin laftof, ko misali ɗaya babu a hannunsa. Ban rage masa maki don igiya ba, na rage don ba shi da hanya ta biyu. Ki je ajin kwana ɗaya kafin ranar ki jona komai a daidai lokacin da za ki yi darasin, ki je kujerar ƙarshe ki zauna ki ga ko hasken taga bai cinye hoton ba, ki sa a yi cajin tablet ɗin tun dare ki buɗe manhajar a kowanne ki bar ta a buɗe. Sandunan nan biyu kuma ki zana su a babbar takarda da rula ki naɗe ki riƙe a jaka, in minti biyu suka wuce majigi bai kawo ba ki kashe shi ki manna takardarki a allo ki ci gaba.