Kun Tambaya, Mun Amsa: Na'urar Gano Ƙarfe da Maɓallan Tsofaffin Sojoji

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowa, kuma duka sun shafi neman kayan yaƙi na dā da ƙasa ta binne, musamman maɓallan rigunan soja.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da na'urar gano ƙarfe da na saya domin neman zinariya, amma yanzu tana jingine a ɗaki saboda rashin tsaro ya hana mu shiga daji. Ina ganin bidiyon Turawa a YouTube suna yawo da irinta a gonaki, suna tono maɓallan soja na dā, suna murna kamar sun tsinci dami a kala. Shin tawa za ta iya wannan aiki? Kuma da gaske ne maɓallin riga yana yin kuɗi? Daga mai karatu a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Na'urarka za ta iya, sai dai za ta gajiyar da kai kafin ta biya maka buƙata. A cikin faifan da ke ƙarshen sandar akwai naɗaɗɗiyar waya wadda lantarki ke ratsawa, sai ta aika ƙarfin maganaɗisu zuwa cikin ƙasa. Idan ƙarfin ya ci karo da ƙarfe, ƙarfen yakan mayar da nasa ɗan martani, na'urar kuma ta juya martanin ya zama ƙarar da kake ji a kunne. Manyan na'urorin da masu neman zinariya suka fi saye, irin waɗanda suka bazu a Sudan, sannan tun daga 2014 a Jado ta arewacin Nijar, an ƙera su ne domin su kai nesa cikin ƙasa, su kuma jure wa ƙasa mai yawan sinadarin ƙarfe kamar marmararmu, amma ba su da gwanintar bambance wannan ƙarfe da wancan. Tsohuwar ƙusa da murfin kwalba da gutsuren garma duk za su sa ta kuka. Masu neman kayan tarihi sun fi amfani da ƙananan na'urori masu nuna lamba a allo, waɗanda ke iya raba baƙin ƙarfe da tagulla ko darma ko azurfa tun kafin a sa magirbi, kuma ko da su, abu mai girman maɓalli ba kasafai ake jin sa ba idan ya wuce santimita 25 zuwa 30 a ƙasa.

Batun kuɗi kuwa, gara in faɗa maka gaskiya tun yanzu: mafi yawan maɓallan soja ba su da wata daraja a kasuwa. A 1871 rundunar Ingila ta sa ƙananan sojojinta maɓalli iri ɗaya mai ɗauke da tambarin masarauta, aka yi ta buga shi miliyoyi har zuwa yaƙin duniya na biyu, don haka duk mai tara irin waɗannan kaya yana da shi. Waɗanda ake rububi su ne waɗanda tun asali ba a yi da yawa ba. A yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, sojojin Arewa suna da manyan masana'antu irin su Scovill da ke garin Waterbury, masu buga musu maɓalli mai hoton gaggafa ba adadi, alhali 'yan tawayen Kudu suna fama da ƙarancin masana'antu, wasu nasu daga Ingila aka yi fasa-ƙwaurinsu, wasu kuma ƙananan maƙera ne suka zuba su. Shi ya sa maɓallin Kudu mai haruffan CSA, ko mai tambarin wata jiha, ya ninka na Arewa farashi, kuma shi ya sa na jabu suka cika kasuwarsa. Haka ma maɓallan kuza masu haruffan USA a sarƙe, na sojojin George Washington, domin kuza tana ruɓewa a ƙasa, kaɗan ne suka tsira da kamanninsu. Mai bidiyon da kake kallo yana nuna maka abu ɗaya mai kyau da ya samu, ba ya nuna maka buhun gwangwanayen da ya tono kafin ya kai gare shi, kuma galibinsu suna da wani aikin da suke ci da iyalinsu. Ba zan ba ka shawarar ka ɗauki wannan a matsayin sana'a ba.

Abin da ya sa masana suke girmama maɓalli daban ne. Faransa a 1762, sannan Ingila a 1767, sun umarci a riƙa buga lambar kowace runduna a kan maɓallan mayaƙanta. Tufa takan ruɓe, takalmi ya ruɓe, amma wannan ɗan ƙarfe yakan zauna a inda ya faɗi yana shaida cewa runduna kaza ta tsaya a nan, wani lokaci ma ya ƙaryata abin da janar-janar suka rubuta a rahotanninsu. Wannan shaida tana tare da wurin da aka same shi, kuma da zarar an jefa shi aljihu ba tare da an rubuta wurin ba, shaidar ta tafi, abin da ya rage kawai shi ne 'yar tagulla.

TAMBAYA: Ɗana ya tsinci wani maɓalli a gonarmu lokacin huɗa. Ya yi kore-kore, a gabansa akwai kambi da wani abu kamar zaki, a bayansa kuma akwai rubutun boko da ya zagaye shi, mun iya karanta Birmingham. Yaron yana so ya goge shi da lemun tsami da toka domin ya yi ƙyalli. Me za mu yi, kuma yaya za mu san shekarunsa? Daga wata uwa a Zariya.

AMSA: Hajiya, ki karɓe shi daga hannun yaron kafin ya kai ga lemun tsamin. Wannan koren da kike gani shi ne fatar da tagulla ta yi cikin shekaru, kuma sau da yawa zanen da kansa a cikin wannan fata yake zaune. Tsami zai cinye ta, toka ta kankare sauran, a bar ku da ƙarfe ja mai ramuka wanda ba a iya karanta komai a kansa. A bar shi ya bushe a inuwa, sannan a ɗauki tsinken sakace a riƙa ɗaga ƙasar a hankali daga lungunan zanen, a bi da busasshen burushi mai laushi. Idan na hafsa ne, za ki iya ganin ɗigon ruwan zinariya da ya maƙale a tsakanin haruffa ko a gindin kambin, inda hannu bai taɓa gogewa ba. Kada a yi ƙoƙarin miƙar da 'yar zoben da ke bayansa idan ta lanƙwashe, domin karyewa take yi. A naɗe shi a takarda, a ajiye a wuri marar laima, a rubuta sunan gonar da ɓangaren da aka same shi da ranar.

Yadda kika kwatanta shi, ya fi kama da maɓallin gama-gari na sojojin Ingila da na ambata a sama, mai zaki a gefe ɗaya, da wata dabba mai siffar doki da ƙaho ɗaya a ɗaya gefen, suna riƙe da garkuwa. Kambin ne zai fara gaya miki zamani. Na Sarauniya Biktoriya, wanda aka yi amfani da shi har rasuwarta a 1901, yana da kafaɗu masu tudu da ɗan lotsawa a tsakiya. Daga 1902 zuwa 1952, zamanin sarakuna maza, samansa a dunƙule yake kamar ƙubba. Daga 1953, bayan hawan Sarauniya Elizabeth ta biyu, aka koma kambi mai lotsawa a tsakiya da kafaɗu masu zagaye. Rubutun baya kuwa sunan kamfanin da ya ƙera shi ne, kuma Birmingham ita ce cibiyar wannan sana'a a Ingila; sunaye irin su Smith & Wright, da J. R. Gaunt, da Firmin suna yawan fitowa, kuma da yake kamfanonin sun sha canza suna da adireshi, masana sukan taƙaita shekarun maɓalli ta wannan hanya.

Kada dai ki ɗauka cewa an yi yaƙi a gonarku. Dubban 'yan Arewa sun yi aiki a rundunar da Lugard ya kafa a 1897, wato rundunar tsaron iyaka ta Afirka ta Yamma, wadda daga 1928 aka riƙa kira RWAFF, mai tambarin bishiyar kwakwar manja, kuma da yawansu sun je ƙasar Bama (Burma) lokacin yaƙin duniya na biyu a runduna ta 81 da ta 82 suka dawo da rigunansu. Wani ya sa tasa har ta mutu a gona, wata kuma an zubar da ita a juji, aka kwashe takin jujin aka kai gona. Ki tambayi dattawan gidan ko akwai tsohon soja a dangi ko a maƙwabta, domin amsar tana iya kasancewa a nan. Idan kina son tabbaci, sashen nazarin kufai na Jami'ar Ahmadu Bello yana kusa da ke, akwai kuma gidan adana kayan tarihi na ƙasa a Kaduna.

TAMBAYA: Ni malamin tarihi ne a makarantar sakandare. Ina so in aro na'urar gano ƙarfe in kai ɗalibaina Burmi, mu tono harsasai da maɓallai mu kafa ɗan gidan tarihi a makaranta. Mene ne shawararku? Daga wani malami a Jihar Gombe.

AMSA: Malam, niyyarka mai kyau ce, kuma ina fatan a samu malamai da yawa masu kishin da kake da shi. Ka kai ɗaliban Burmi, amma ka bar na'urar a gida.

A Burmi ne Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya faɗi a ranar 27 ga Yulin 1903, tare da ɗaruruwan mutanen da suka bi shi hijira bayan faɗuwar Sakkwato a watan Maris na wannan shekara. Filin makwanci ne, kuma duk inda na'ura ta yi ƙara a irin wannan wuri, babu wanda zai iya rantsuwa cewa ba ƙashin wani bawan Allah ne ke kwance kusa da ƙarfen ba. Haka lamarin yake a Satiru, wadda aka rushe a 1906. Wannan kaɗai ya isa dalili a wurina. Bayan haka akwai doka. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta hana tonon neman kayan tarihi sai da izinin hukumar, ta kuma taƙaita cinikinsu da fitar da su waje. Ba mu kaɗai ne muke da irin wannan ƙa'ida ba: a Amurka laifi ne a yi amfani da na'urar a filin yaƙin Gettysburg da sauran filayen da gwamnatin tarayya ke karewa, a Faransa sai da izinin hukuma tun 1989, a Ingila kuma, inda aka fi sassauci, dole ne a nemi yardar mai gona, wuraren tarihi da aka yi wa rajista kuwa ba a taɓa su.

Ga abin da za a yi asara idan aka yi tonon gayya. A 1983 gobarar daji ta cinye ciyawar filin Little Bighorn a Amurka, inda mayaƙan Lakota da Cheyenne, ƙabilun 'yan asalin ƙasar, suka hallaka hafsan sojan Amurka Custer da mutanensa a 1876. A 1984 da 1985 masanin kufai Douglas Scott ya jera masu na'urar gano ƙarfe suka taka filin sahu-sahu, duk inda aka ji ƙara a kafa 'yar tuta, a auna wurin, a sa shi a taswira kafin a ɗaga abin. Da yake kowace bindiga tana barin tabo irin nata a gindin kwanson harsashi, sai aka iya bin sawun bindiga ɗaya daga wannan tudu zuwa wancan, aka ga inda layin sojoji ya watse, aka kuma tabbatar da cewa 'yan ƙasar suna da bindigogi masu yawa, ciki har da masu ɗaukar harsashi da dama, kamar yadda tsofaffinsu suka daɗe suna faɗa. Labarin Burmi da ke rubuce, mafi yawansa daga rahoton waɗanda suka ci yaƙin ya fito. Kwanson harsasan da ke kwance a wannan ƙasa su ne shaidar da ba ta bi ta hannun kowa ba, kuma idan ɗalibai talatin suka kwashe su cikin leda a yini ɗaya, ba za a sake samun damar karanta su ba har abada. Abin da zai fi amfani shi ne ka rubuta wa hukumar da wata jami'a ka nemi a yi binciken bisa ƙa'ida, ɗalibanka su shiga a matsayin masu taimako, kafin nan kuma ka sa su zauna da dattawan yankin su naɗi abin da suka ji daga kakanninsu, domin wannan shaidar ta fi ta ƙarƙashin ƙasa saurin ɓacewa.

Sai batun rai, wanda ya shafi duka masu tambaya uku. Tsufa ba ya kashe abin fashewa, sau da yawa ma ƙara masa saurin tashi yake yi. Har yau manoman Beljiyam da arewacin Faransa suna tono harsasan igwa na yaƙin 1914 zuwa 1918, wasu da iskar guba a cikinsu, suna ajiye su a bakin gona sojoji su zo su kwashe. A 2008 wani gogaggen mai tara kayan yaƙin basasar Amurka ya rasa ransa a jihar Bajiniya, lokacin da harsashin igwa mai fiye da shekara 140 ya tashi yana cikin gyara shi. A nan gida akwai ragowar yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, akwai kuma nakiyoyin da aka binne a Borno da Yobe da Adamawa a shekarun nan, waɗanda wasunsu taka su kawai ake yi su tashi. Duk wanda ya ci karo da ƙarfe mai siffar kwalba ko gwangwani ko bututu, ko wanda waya ta fito daga jikinsa, kada ya taɓa, kada ya ƙwanƙwasa, kada ya kai wa maƙeri ko 'yan gwangwan. Ya koma ta sawun da ya zo, ya sa alama daga nesa, ya hana yara da dabbobi zuwa wurin, sannan ya sanar da mai unguwa da 'yan sanda domin a kira masu kwance bam.