Ci Shiru: Sinasir ɗin da Ya Samu Tauraro a Landan

TAMBAYA: Inna, barka da aiki. Shekara 6 ke nan ina sayar da waina da miyar taushe a Zango, nan Damagaram. Ƙanena ya nuna mini wata mata a waya, wai ta samu "tauraro" a Ingila saboda girki, kuma wai sunan gidan abincinta Hausa ne. Da gaske ne? Mene ne tauraron? Ina tara kuɗi in buɗe gidan abinci na zamani, shin sai na koyi girkin Turawa kafin a ɗauke ni da daraja?
Daga wata ƴarki, Zango.

AMSA: Ƴata, ƙanenki bai yi miki ƙarya ba. Sunan matar Adejoké Bakare, ƴar Najeriya ce da ta tashi a Kaduna, kuma gidan abincinta a Landan Chishuru ake ce masa. Ki faɗi sunan a hankali ki ji: ci shiru. Shirun nan ne da kan sauka a kan mutane in an buɗe kwano, hannu na kai da komowa, hira ta mutu. Ranar da na fara jin sunan sai da gabana ya yi sanyi don daɗi, domin na san shirun nan tun a tsakar gidanmu a Birni.

Ta ci wata gasar girki a unguwar Brixton a 2019, ta buɗe ɗan ƙaramin wuri a 2020, sannan ta koma tsakiyar Landan a 2023. A watan Fabrairun 2024 aka ba ta tauraron Michelin, ta zama baƙar mace ta farko da ta same shi a Birtaniya.

Michelin kamfanin tayar mota ne na Faransa. A 1900 ya fara buga ɗan littafi don matafiya, a 1926 ya fara sa wa gidajen abinci tauraro, daga baya aka mai da su hawa uku. Masu binciken nasu ba sa bayyana kansu: su shigo kamar kowa, su ci, su biya, su tafi, kuma su sake dawowa. Suna duba kyawun kayan miya, gwanintar hannu, yadda ɗanɗano ya haɗu, ko mai girkin ta fito a cikin girkinta, da kuma ko abincin yau daidai yake da na wancan zuwan. Ba sa zuwa Nijar, don haka kada ki ɗora ranki a kan tauraron kansa.

Yanzu ga abin da ya sa na zaɓi wasiƙarki cikin duk na wannan mako. Cikin abincin da aka san Chishuru da shi akwai sinasir. I, sinasir ɗin nan namu, na shinkafa, wanda ake yi ranar suna da Salla. Ba ta bar abincin gida ta kama na wasu ba, zama ta yi a kansa har ta san shi ciki da bai. Saboda haka amsata ita ce a'a, ba sai kin koyi girkin Turawa ba.

Abin da za ki koya ya fi haka wuya. Ke kin san ƙullun waina ba ya tashi iri ɗaya a watan Afrilu da lokacin hunturu. Da zafi, kafin asuba ya kumbura ya yi tsami, sai kin tare shi da ruwan kanwa. Da sanyi kuwa ki buɗe roba ki tarar da shi kwance kamar ba a sa yis ba. Mai tanda a bakin titi takan ce "yau haka ya zo", masu saye su yi haƙuri don sun san ta. Wanda ya zauna a kujera ya biya jaka uku ba zai yi wannan haƙurin ba. Akwai wani gidan abinci a Yamai da na ci miyar kuka ranar Litinin har na kai baƙi ranar Juma'a, aka kawo mana ruwa tsululu, daddawa ko ƙamshi babu. Kunyar da na ji ba ta sake barina na taka wurin ba.

Ki sayi ɗan sikeli da littafi. Ki rubuta tiya nawa ta shinkafa kika jiƙa, ƙarfe nawa kika kai niƙa, awa nawa ƙullu ya kwana, a wane wata. Ki yi haka har damina ta zagayo.

Kuma kada ki cika takarda da abinci iri 20. A Chishuru jerin abincin a tsare yake, abin da ta shirya shi ake kawowa ɗaya bayan ɗaya. Ki fara da huɗu: wainarki da taushe, sinasir, dambun zogale, sai alkaki a ƙarshe, tunda duk baƙon da ya zo Damagaram sai ya tambaye shi. In kin samu wurin, ki rubuto mini, zan zo sau biyu ba tare da na gaya miki rana ba.